Kumbon da ya je sama ya dawo: shin sake harba shi ya fi arha, kuma ya kai sabo aminci?

Malam Nasiru ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma ina da tambaya ga masana injiniyanci da masu bibiyar harkar sararin samaniya. Tun daga watan Mayun 2020, lokacin da kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya ɗauki Bob Behnken da Doug Hurley zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ake ta cewa an shiga sabon zamani, domin yanzu kamfanoni masu zaman kansu ne ke jigilar 'yan sama jannati da kaya, kuma kumbon da rokar duk suna dawowa a sake harba su. Abu biyu ne suka kasa zauna mini a rai.

Na farko, Amurka ta taɓa mallakar kumbon da ake sake amfani da shi, wato Space Shuttle, wanda ya tashi sau 135 tsakanin 1981 da 2011, amma ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin zuwa sama mafi tsada da aka taɓa yi, kuma mutum 14 suka rasa rayukansu a cikinsa. Idan har sake amfani shi ne asirin arha, me ya sa bai yi wa wancan amfani ba?

Na biyu, abin da ya sha girgizar tashi, ya ratsa wutar dawowa, sannan ya faɗa cikin ruwan gishiri na teku, ta yaya hankali zai kwanta a sake zuba mutane a cikinsa? Ɗalibaina suna yi mini wannan tambaya, kuma ba na son in ba su amsar da ta ginu a kan tallan kamfani kawai.

Injiniya Bashir ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Tambayoyin nan biyu a haɗe suke, domin abin da ya sa Shuttle ya yi tsada shi ne kuma ya sa ya yi haɗari. Zan ɗan tsawaita a kan na farko.

An tsara Shuttle ne don ya yi komai a tafiya ɗaya: ya ɗauki mutum bakwai, ya ɗauki manyan taurarin ɗan'adam a cikinsa, ya biya bukatun sojoji, sannan ya sauka a kan titin jirgi da fukafukai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan buri ya ƙara masa nauyi da sarƙaƙiya. Jikinsa yana lulluɓe da tayil masu kare zafi fiye da 20,000, waɗanda sai an bi su an duba bayan kowace tafiya. Manyan injinansa uku kuwa sai an cire su an kai ma'aikata an yi musu garambawul. Babban tankin mai ana zubar da shi ne a kowane tashi, rokoki biyu na gefe kuma ana tsamo su daga teku a wargaza su a sake haɗawa, aikin da kuɗinsa bai yi nisa da na ƙera sababbi ba. Da farko an yi hasashen zai riƙa tashi kusan kowane mako, amma shekarar da ya fi yawan tashi ita ce 1985, kuma sau tara kacal ya tashi. Dubban ma'aikata kuwa albashinsu yana tafiya ko an tashi ko ba a tashi ba. Da aka raba dukan kuɗin shirin a kan yawan tafiye-tafiyen, kowace ɗaya ta kama kimanin dala biliyan ɗaya da rabi. Saboda haka abin da ake yi wa Shuttle ya fi kusa da sake ginawa fiye da sake amfani.

Masu rokar Falcon 9 da kumbon Dragon da take harbawa sun rage buri, kuma a ganina nan hikimar take. Ba komai suke dawowa da shi ba. Rokar hawa biyu ce. Hawan farko, mai injina tara, shi ne ya fi tsada, kuma yana rabuwa da sauran bayan kimanin minti biyu da rabi, tun gudun bai kai na zagayen duniya ba, don haka zafin da yake sha a dawowa bai kusanci wanda kumbo yake sha ba. Yana juyowa ya sake kunna injinansa ya sauka a tsaye, ko a ƙasa ko a kan jirgin ruwa marar matuƙi, ba tare da ya taɓa ruwan gishiri ba. An fara saukar da shi lafiya a watan Disamban 2015, aka fara sake harba wanda ya taɓa tashi a watan Maris na 2017, kuma yanzu akwai waɗanda suka tashi fiye da sau 20. Hawa na biyu kuwa, wanda shi ne yake kai kumbon gudun kusan kilomita 28,000 a awa, har yau zubar da shi ake yi, domin nauyin abin da zai kare shi daga zafi zai cinye kayan da ya kamata ya ɗauka. Ko dawo da hawan farkon ma yana da farashi, tunda man da ake ajiyewa don sauka yana rage nauyin kayan da rokar za ta iya ɗagawa da tan da dama.

Shi kansa Dragon an koma da shi tsohuwar siffa ta kumbunan Apollo na Amurka da Soyuz na Rasha, mai faɗin gindi ba fukafukai, yana zaune a ƙolin roka. Wannan zama a ƙoli yana da muhimmanci ƙwarai. Columbia, ɗaya daga cikin kumbunan Shuttle, ya tarwatse a 2003 ne saboda ɓallin soso da ya faɗo daga tankin mai ya fasa gaban fiffikensa a lokacin tashi, abin da ba zai faru ga kumbon da babu komai a samansa ba. Challenger kuma, wani kumbon Shuttle da ya tarwatse a lokacin tashi a 1986, ba shi da hanyar da mutane za su tsere daga rokar da ta lalace. Dragon yana da injina takwas a jikinsa waɗanda aikinsu shi ne su fizge shi daga roka idan abu ya ɓaci, kuma an gwada su a sararin sama a watan Janairun 2020, aka sadaukar da roka guda don gwajin.

Game da tambaya ta biyu, gaskiya ne ruwan gishiri abokin gabar ƙarfe da wayoyin lantarki ne, shi ya sa ake gaggauta tsamo kumbon a ɗora shi a jirgin ruwa, kuma aka ƙera samfurin Dragon na biyu yadda ruwa ba zai kai ga sassan ciki da sauƙi ba. Bayan kowace tafiya ana sauya garkuwar zafi ta ƙasa da laimomin sauka da wasu sassan waje, a binciki sauran na tsawon watanni. Da farko hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yarda da tashi biyar ne kawai ga kowane kumbo mai ɗaukar mutane, kuma ƙari a kan haka sai da sabon bincike. Akwai kuma wata hujja da mutane ba su cika lura da ita ba: sabon abu ba a taɓa gwada shi a ainihin yanayin aikinsa ba, don haka kuskuren ma'aikata, idan akwai, a tafiyar farko yake bayyana. Manyan asarorin Falcon 9, ta Yunin 2015 da ta Satumban 2016 da ta Yulin 2024, duk daga hawa na biyu suka taso, wato sashen da kullum sabo ne fil.

Malama Rabi'atu ta rubuta:

Bayanin Injiniya ya gamsar ta fuskar ƙira, amma ni da nake aikin lissafin kuɗi ina ganin rabin amsar ba a jikin ƙarfe take ba, tana cikin takardar kwangila ne. A zamanin Shuttle, gwamnati ce ke da kumbon, kuma tana biyan kamfanonin da suka ƙera shi duk abin da suka kashe, sannan ta ɗora musu riba a kai. Ɗan kwangilar da aka yi wa irin wannan alkawari ba shi da wani dalilin tsimi. Bayan haɗarin Columbia, NASA ta gwada wata hanya: ta faɗi abin da take so a kai mata tashar, ta yanke farashi, ta biya a kan matakan da aka cika, kumbon kuma ya zama mallakar kamfani, duk abin da ya haura farashin daga aljihunsa zai fito. A watan Disamban 2008 ta ba SpaceX kwangilar dala biliyan 1.6 don jigilar kaya sau 12, ta ba Orbital Sciences ta dala biliyan 1.9 don sau takwas. Kamfanin da aka yanke wa farashi, kuma kayan nasa ne, shi ne zai damu da ya tsamo kumbonsa ya sake amfani da shi, domin duk abin da ya rage ribarsa ce.

A watan Satumban 2014 aka yi irin wannan don jigilar mutane, aka ba Boeing dala biliyan 4.2, aka ba SpaceX biliyan 2.6. A lokacin Amurka ba ta da kumbon kanta tun 2011, tana sayen kujera a Soyuz na Rasha, kuma farashin kujera ɗaya ya yi ta hawa har ya haura dala miliyan 80. Ofishin babban mai bincike na NASA ya ƙiyasta a 2019 cewa kujerar Dragon za ta kama kimanin dala miliyan 55, ta Starliner na Boeing kuma kimanin miliyan 90.

Labarin Starliner shi ne yake nuna cewa kalmar sake amfani ita kaɗai ba ta tabbatar da komai. Shi ma an tsara shi ya tashi har sau goma, kuma a kan tudu yake sauka da jakunkunan iska a hamadar yammacin Amurka, don haka ma ya kuɓuta daga matsalar gishirin da Malam Nasiru yake tsoro. Duk da haka, a gwajinsa na Disamban 2019 agogon kwamfutarsa ya saɓa da awa 11, ya ƙone mai a inda bai dace ba, bai isa tashar ba. A watan Yunin 2024 ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams don ziyarar da aka shirya ta kwana kaɗan, sai iskar hiliyom ta riƙa zurarewa, wasu ƙananan injinan sarrafa shi suka mutu yayin da yake tunkarar tashar. NASA ta yanke shawarar ya dawo babu kowa a watan Satumba, su biyun kuma sai a watan Maris na 2025 suka dawo a cikin Dragon, bayan wata tara. Ina ganin shawarar ta yi daidai, kuma ta nuna an koyi darasi daga Columbia. Abin lura ga mai lissafi shi ne asarar da Boeing ya tafka a shirin, wadda ta haura dala biliyan ɗaya da rabi, kamfanin ne ya ɗauke ta, ba masu biyan haraji ba. A tsohon tsari da gwamnati ce za ta biya.

Malam Lawan ya rubuta:

Da girmamawa ga Injiniya da Malama, ina ganin an yi wa SpaceX sassauci, kuma Malam Nasiru ya ce ba ya son amsar talla.

Kumbon Dragon da ya fashe a filin gwaji a Florida a watan Afrilun 2019 shi ne wanda ya je tashar ya dawo a watan Maris na shekarar. Binciken ya ɗora laifin a kan wani bawul da ya bari sinadarin ƙona mai ya kutsa cikin bututun hiliyom, aka kuma sauya ƙirar, don haka ba zan ce tsufa ne ya jawo ba. Amma da akwai mutane a ciki da babu wanda zai tsira. A watan Maris na 2020 kuma inji ɗaya ya mutu a jikin rokar da take tashinta na biyar, kuma kamfanin da kansa ya ce ragowar sinadarin wanki ne da ya maƙale ya kama wuta. Taurarin da ta ɗauka sun isa, rokar kuwa ba ta sauka lafiya ba. Wannan yana nuna cewa gyaran da ake yi tsakanin tafiya da tafiya shi ma ƙofar kuskure ce. Ƙari a kan haka, tafiye-tafiyen Dragon da mutane ba su kusanci 135 na Shuttle ba, kuma Shuttle ya yi tafiya 24 lafiya kafin Challenger. Lokacin yanke hukunci a kan aminci bai yi ba tukuna.

Batun arha ma yana bukatar a bambanta abin da kamfani ya kashe da abin da yake caji. Farashin da aka tallata na harba Falcon 9 a 2024 ya kusanci dala miliyan 70, bai faɗi warwas ba duk da yawan sake amfani, domin babu abokin gasar da zai tilasta a rage. Wanda ya fi cin moriyar shi ne kamfanin kansa: a 2024 ya harba rokokin Falcon sama da sau 130, akasarinsu ɗauke da taurarinsa na Starlink masu samar da intanet. Yawan tashin nan ne yake sa sake amfani ya biya, kuma shi ne abin da Shuttle bai taɓa samu ba.

Sannan akwai sashen Dragon da ba ya dawowa, wato ɗakin kaya na ƙasa mai ɗauke da faifan sola. An ɗauka zai ƙone ƙurmus a iska, sai ga manyan ɓaraguzansa a gonakin Ostareliya a 2022, da Kanada da jihar North Carolina a 2024. Wannan ne ya sa aka mayar da saukar kumbon zuwa tekun Pasifik, gefen Kalifoniya, a 2025, don a iya jefa sashen a ruwa da gangan.

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da kamfani ɗaya. An ba kamfanoni biyu kwangila ne don idan ɗaya ya tsaya ɗaya ya ci gaba, amma yanzu Dragon ne kaɗai kumbon Amurka da yake kai mutane tashar a kai a kai. A watan Yunin 2025, a tsakiyar rikicinsa da Shugaba Trump, Elon Musk, shugaban SpaceX, ya rubuta cewa zai fara janye Dragon daga aiki, sannan ya janye maganar bayan 'yan sa'o'i. Hanyar da rayukan mutane suka rataya a kanta bai kamata ta kasance a hannun fushin mutum ɗaya ba.

Malam Nasiru ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Malama da Malam Lawan. Yanzu na fahimci cewa zan gaya wa ɗalibai abu uku ne suka haɗu, ƙira mai sauƙi da kwangila mai ƙayyadadden farashi da yawan tashi, kuma batun aminci ana kan tara shaida. Saura abu ɗaya: mun fi mayar da hankali a kan mutane, alhali jigilar kaya ce ta fara. Mene ne amfanin kumbon kaya ya dawo, tunda kayan a can ake barin su? Kuma ƙasashen da ba su da roka, irin namu, suna samun wani abu a wannan tsari?

Injiniya Bashir ya rubuta:

Malam Nasiru, kafin in amsa, na yarda da gargaɗin Malam Lawan a kan yawan tafiye-tafiye. Hujjar da na kawo ta nuna cewa tsohuwar roka ba lallai ta fi sabuwa haɗari ba, amma ba ta nuna an wuce haɗari ba.

Ba duk kaya ake bari a can ba. Progress na Rasha da Cygnus, wanda yanzu kamfanin Northrop Grumman ke ƙerawa, suna kai abinci da ruwa da kayan gyara, a cika su da shara, su ƙone a hanyar dawowa. Soyuz yana dawowa, amma bayan mutum uku wurin da ya rage ɗan kaɗan ne. Tun da Shuttle ya yi ritaya, Dragon ne kaɗai yake iya sauko da kaya masu nauyin tan daga tashar, kuma tashar ɗakin bincike ce: samfurin jini da fitsarin 'yan sama jannati da aka daskarar, da tsirrai, da ƙwayoyin halitta, da lu'ulu'un furotin da masu haɗa magunguna suke nazari, duk sai sun iso hannun masu bincike a ƙasa kafin aikin ya kammala. Haka nan na'urar da ta lalace ana iya sauko da ita a gano dalilin lalacewarta, a gyara a mayar. Kumbon Dream Chaser na kamfanin Sierra Space, wanda aka ba kwangilar kaya a 2016, an tsara shi ne ya sauka a titin jirgi don samfura su isa ɗakin bincike da wuri ba tare da bugun ruwa ba, sai dai an sha ɗage tashinsa na farko.

Game da ƙasashenmu, akwai alaƙa ta gaske. Dragon na farko da aka sake harbawa ya tashi a watan Yunin 2017, bayan tafiyarsa ta farko a 2014, kuma a cikin kayan da ya ɗauka akwai ƙananan taurari biyar na shirin Birds na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan. Ɗaya daga ciki shi ne Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka sa hannu a kansa, wani kuma GhanaSat-1, tauraron Ghana na farko. Kowane ɗaya faɗinsa santimita goma ne, aka sake su daga sashen Japan na tashar a watan Yuli. Jami'a ba za ta iya sayen roka ba, amma tana iya samun gurbin kilo ɗaya a cikin kumbon da zai tafi ko da ita ko babu ita.

Ta fuskar mutane kuwa, kujera ta zama abin saye. Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a tashar a 2023, Rayyanah Barnawi da Ali AlQarni na Saudiyya suka je a watan Mayun shekarar ta hannun kamfanin Axiom, Alper Gezeravcı na Turkiyya ya bi a Janairun 2024, Shubhanshu Shukla na Indiya kuma a Yunin 2025, dukansu a cikin Dragon. Kuɗin kujera ɗaya miliyoyin daloli ne masu yawa, kuma a ra'ayina ƙasa irin Najeriya za ta fi amfana idan ta zuba irin wannan kuɗi a taurarin duba gonaki da ambaliya da horar da injiniyoyin da za su ƙera su. Ana shirin kawo ƙarshen aikin tashar a wajajen 2030, har NASA ta ba SpaceX kwangila a 2024 don ƙera kumbon da zai sauko da ita cikin teku, don haka jami'ar da take son aika ƙaramin tauraro ko gwaji ta wannan hanya shekaru kaɗan suka rage mata ta nemi gurbi.